Me ya sa sababbin bindigogin hannu ba su da makullin gefe?

Ɗan Makaranta: Assalamu alaikum. Tambaya nake da ita ga masanan zauren nan. Na ga an jera hoton Glock 17 da na tsohuwar Colt M1911, sai na lura ita tsohuwar tana da wani ɗan makulli a gefe, sai an danna shi ƙasa da babban yatsa kafin ta tashi. Ita kuwa Glock gefenta wayam, kunama kawai. Ya aka yi wadda ta zo daga baya ta zo da ƙarancin kariya? Rowa ce ta masu ƙira, ko akwai hikima a ciki?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu da Browning Hi-Power aka horar da mu, kuma kafin a bar ka ka taɓa harsashi sai an cusa maka makullin nan a ka. Bindigar da ba ta da shi ban yarda in ɗaura ta a ƙugu ba. Su kira shi ci gaba, ni ganganci nake kiransa.

Injiniya: Baba, a yi mini afuwa. Kafin a yanke hukunci bari yaron nan ya san abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, don ba zai gane makullin ba sai ya san me ake kullewa.

Irin wannan bindiga hawa biyu ce. Akwai gangar jiki ta ƙasa, inda mariƙi yake da kunama da ramin da magazin, wato gidan harsasai, ke shiga. Akwai kuma silaid a sama, shi ne ya lulluɓe bututu, yana zamewa gaba da baya a kan wasu 'yan layuka. In ka ja shi baya ka sake, sifirin ya dawo da shi, a hanyarsa sai ya kwaso harsashin da ke saman magazin ya cusa shi a ɗakinsa da ke gindin bututu. Ka ja kunama, allura ta daki tsakiyar gindin harsashi, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta tunkuɗa dalma waje. To ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne kuma yake tura silaid baya. Yana komawa wata 'yar ƙugiya za ta finciko kwanson da ya ƙone, kwanson ya daki wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya fita ta tagar gefe, sifirin ya sake maido da silaid da sabon harsashi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Ita ke ɗura wa kanta, amma ba za ta sake tashi ba sai ka saki kunama ka kuma ja.

Sarkin Musu: Anya kuwa? Ni da idona na ga bidiyon da mutum ya danne kunamar Glock tana ta ɓarin wuta ba tsayawa.

Injiniya: Akwai Glock 18, wadda aka yi wa jami'an tsaro na musamman, tana da maɓallin da ke mayar da ita mai ruwan wuta. Ita daban ce, ba ita ake tambaya a kai ba.

Mu koma kan makulli. Maganar duk tana kan abin da ke dukan allurar nan. A M1911 da Hi-Power guduma ce a baya, kana ganinta da ido. Kunamarsu aiki ɗaya tal take yi, wato sakin gudumar da aka riga aka ɗana. Shi ya sa jan gajere ne, mai laushi, nauyin kilo 2 zuwa 3 ya isa. To mutum yana yawo da guduma a ɗane a kan harsashi, ga kunamar da ɗan taɓi ke tayar da ita, ai dole a sa mata takunkumi. M1911 ma biyu gare ta, akwai wani a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya matse shi.

Glock ba ta da guduma sam. Allurar ce da kanta take da sifirin, kuma in silaid ya koma gaba ɗanawar da take samu ba cikakkiya ba ce. Jan kunama ne yake ƙarasa ja da ita baya, sannan ya sake ta. Kariyarta uku ce, biyu a ɓoye suke. Ta farko ɗan harshen nan da ke tsakiyar kunama, in ba a danne shi ba kunamar ba ta motsi. Ta biyu wani ɗan toshi ne a cikin silaid da ya tare wa allura hanya, sai an ja kunama yake ɗagawa. Ta uku wani ɗan dakali ne da sandar kunama ke zaune a kai, ko bindigar ta faɗi ƙasa sandar ba za ta sauka ta saki allura ba. Da ka ɗaga yatsa duka ukun sun koma wurinsu da kansu. Saboda haka ba cire kariya aka yi ba, shigar da ita ciki aka yi.

Tsohon Soja: Injiniya, ka iya bayani, Allah ya ƙara basira. Amma ukun nan da kake lissafawa, abu ɗaya ne ke buɗe su gaba ɗaya, jan kunama. Ita kuma kunama ba ta san yatsa ba. Duk abin da ya shiga zoben nan ya danna, ta amsa. Na taɓa tsayawa a filin horo, wani ya gama harbi da irin wannan bindiga, zai mayar da ita kube bai duba ba. Gefen rigarsa ya naɗe ya shiga zoben kunama, shi kuma yana ta turawa ƙasa. Sai ƙara muka ji, ƙura ta tashi dab da takalminsa. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon ramin, hannunsa na rawa. Da akwai makulli a gefe kuma ya ɗaga shi, da rigar ta gaji ta bari. Kariyar da kake faɗa maganin faɗuwa ce da girgiza. Ba maganin sakaci ba ce.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Baba, ban musa ba.

Malamar Tarihi: Baba, ranka ya daɗe, ina da abin cewa a nan. Rashin makulli ba Glock ce ta fara shi ba. Libarba mai juya gida fa? 'Yan sandan Amurka da ita suka yi yawancin ƙarni na 20 a ƙugu, kuma ba ta da makullin gefe. Abin da ke kare ta nauyin kunama ne da tsawon jan, don jan ne yake ɗana guduma ya kuma sake ta, sai ka sa ƙarfin da ya kai kilo 5. Ba a jan wannan da kuskure cikin sauƙi.

Kamfanin Walther na Jamus ne ya yi nasarar kawo wannan dabara cikin bindiga mai ɗura wa kanta, da samfurin PP a 1929, sannan P38 da sojan Jamus suka ɗauka. Daga nan aka samu zuriya guda: CZ 75 ta Cekoslobakiya, Beretta 92 ta Italiya, SIG P226. A waɗannan harbin farko mai nauyi ne, na biyu zuwa ƙarshe kuwa silaid ya riga ya ɗana guduma, sai jan ya koma mai laushi. A takarda abin ya yi kyau. A hannu kuwa matsala ce, mutum zai koyi ja iri biyu a bindiga ɗaya, kuma sau da yawa harbin farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ke kaucewa. Ga kuma wani maɓallin da za a tuna na sauke guduma bayan an gama.

Abin da Glock ta sayar wa hukumomi shi ne ja iri ɗaya daga farko har ƙarshe, wajen kilo 2 da rabi, babu abin dannawa, babu abin saukewa. Ga ɗan sandan da ya saba da libarba, canjin bai yi masa nisa ba. Kuma hukumomin ma sun ga abin da Baba ya gani. 'Yan sandan birnin New York sun sa an ƙara wa tasu kunamar nauyi har ta haura kilo 5, suka yi shekaru a haka.

Sarkin Musu: To ashe sun koma gidan jiya. Sun sayi sabuwa sun mayar da ita libarba.

Malamar Tarihi: Kusan haka ne, kuma sun biya farashinsa, don kunama mai nauyi tana ɓata saiti. Yatsa na kokawa da ita, bakin bindiga na lilo.

Ɗan Makaranta: Malama, shi wannan Glock ɗin mutum ne ko sunan kamfani ne kawai?

Malamar Tarihi: Mutum ne, Gaston Glock, ɗan ƙasar Ostiriya, ya rasu a Disamban 2023. Abin mamakin shi ne ba maƙerin bindiga ba ne. Sandunan labule yake yi, da wuƙaƙe da wasu ƙananan kayan soja, amma ya san roba ciki da waje. Da sojan ƙasarsa suka nemi abin da zai maye gurbin tsohuwar P38 ɗinsu, sai ya tara masana ya tambaye su me suke so, ya zo da tasa, a 1982 ta doke ta tsofaffin kamfanoni. Rashin gadon sana'ar ne ya taimake shi a ganina, don babu abin da yake jin kunyar jefarwa. Gaba ɗaya sassanta ba su wuce 30 da 'yan kai ba.

Bakanike: Ni fa inda nake da ja shi ne robar nan. Aikina ƙarfe ne, na san abin da zafi ke yi wa roba. Ta yaya za a ce wuta na tashi a cikin abu, a kuma yi shi da roba? Don Allah Injiniya ka fitar da ni daga duhu.

Injiniya: Maigida, wutar ba ta taɓa robar. Bututu ƙarfe ne, silaid ƙarfe ne, allura da sifirin ƙarfe ne, har layukan da silaid ke gudu a kai 'yan ƙarafa ne da aka dasa a cikin robar. Robar mariƙi ce da gidan da ke riƙe kayan ciki. Kuma ba irin ta bokiti ba ce, dangin nailan ce mai jure zafi da sanyi da mai. Ribarta a fili take. M1911 ba harsashi ta haura kilo 1. Glock 17 da magazin ba harsashi wajen giram 700 ce. Mai ɗauke da ita daga safe zuwa dare shi ya san bambancin. Ba ta tsatsa, gumi ba ya cin ta, kuma a masana'anta zuba ta ake yi a mazubi cikin ɗan lokaci maimakon a yi ta sassaƙar ƙarfe. Nan ne maganar araha ta shigo, Ɗan Makaranta, ba a wajen makulli ba.

Tunda kai bakanike ne, bari in ba ka lissafin da za ka ji a jikinka. Matsin da ke tasowa a ɗakin harsashin 9mm, wato mai kaurin milimita 9 irin na Glock 17, yana haura bar 2,000. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu ake ba ta. Kusan ninki 1,000 ke nan.

Bakanike: Innalillahi. To me ke hana silaid ɗin ya fallo ya daki fuskar mutum?

Injiniya: Yauwa, ka zo inda ni nake ganin ainihin gwanintar take, kuma ba ta zamani ba ce. Aikin John Moses Browning ne, Ba'amurke, wanda ya ƙera M1911. Lokacin da harsashi ya tashi, bututu da silaid a sarƙe suke da juna. Sai su ja baya tare na 'yan milimita kaɗan. Kafin su gama wannan 'yar tafiya dalma ta riga ta fita, matsin ya sauka. Sannan gindin bututu ya sunkuya ƙasa, ya zame daga sarƙar, ya tsaya, silaid ya wuce shi kaɗai ya yi aikin fitar da kwanso. In ka ga hoton irin wannan bindiga da silaid a ja baya, duba bakin bututun da kyau, za ka ga ya ɗan ɗaga sama kamar ya karkace. Wanda bai sani ba sai ya ce ta lalace, alhali haka aka yi ta.

A M1911 wata 'yar maɗaura ce mai lilo ke janyo bututun ƙasa. A Hi-Power aka cire ta aka sa gangare a jikin ƙarfen. SIG P220 ta 1975 ta ƙara sauƙaƙawa, aka mayar da gindin bututun mai kusurwa huɗu yana sarƙewa a cikin tagar fitar kwanso. Glock, da SIG na yanzu, da Smith & Wesson M&P, da yawancin na CZ, duk a kan bututu mai sunkuyawa suke. Ka cire robar, ka cire fenti, dabarar mutumin da ya rasu a 1926 ce ke aiki.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Beretta 92 bututunta ba ya sunkuyawa, wani ɗan ƙarfe ne a ƙarƙashinsa ke sauka ya sake shi, ta gaji wannan daga P38. Ƙananan kuwa irin Makarov ta Rasha da Walther PPK babu sarƙa kwata-kwata. Bututun a kafe yake, nauyin silaid da taurin sifirin kawai ke riƙe matsin, don harsashinsu bai kai 9mm na soja ƙarfi ba.

Malamar Tarihi: Ƙarin bayani kaɗan a kan robar. Ba Glock ce ta farko ba, Heckler & Koch ta Jamus ta riga ta da VP70 a 1970, sai dai ba ta samu kasuwa sosai ba, kunamarta ta yi tauri da yawa. Sannan da Glock ta shiga Amurka an yi ta yaɗa cewa bindigar roba ce da na'urar filin jirgi ba ta gani. Ƙarya ce, ƙarfen da ke jikinta ya fi robar nauyi nesa ba kusa ba. Amma tsoron ya yi tasiri, a 1988 majalisar Amurka ta yi dokar hana ƙera bindigar da na'ura ba ta iya ganowa.

Sarkin Musu: Duk wannan kwalliya ce. Ni a wajena M1911 ta fi, don harsashinta .45 ne, wanda ya fi 9mm kauri, ɗaya ya isa. Me za ka yi da harsashi 17 na Glock in ɗaya zai yi aiki?

Tsohon Soja: Kai Sarkin Musu, a nan ba na bayanka. Duk wanda ya ce maka ɗaya ya isa, a talabijin ya gani. Bindigar hannu kowace iri ce mai rauni ce in aka gwada ta da doguwa, kuma wahalar saiti gare ta. Bututu gajere, babu abin jinginawa a kafaɗa, ɗan motsin yatsa ya kai dalma wani wuri.

Injiniya: Lissafin ma a bayyane yake. Dalmar .45 wajen giram 15 ce, tana tafiyar mita 250 da ɗoriya a daƙiƙa. Ta 9mm wajen giram 8 ce, tana haura mita 350. Ɗaya nauyi, ɗaya gudu, ƙarfin da suke ɗauke da shi bai yi nisa da juna ba. Amma 9mm shurinta kaɗan ne, an fi saurin maido da saiti, kuma ta fi shiga magazin da yawa. M1911 guda 7 take ci. Hi-Power ta 1935 ta zo da 13, saboda Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam, wanda ya ƙarasa ta bayan rasuwar Browning, ya jera harsasan layi biyu a karkace. Beretta da sojan Amurka suka ɗauka a 1985 tana cin 15. A 2018 SIG P365 ta cusa 10 a bindigar da tafin hannu ke kusan rufewa.

Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ta zagaya ta dawo a kan wannan. Bayan musayar wutar Miami ta 1986, inda aka kashe mata jami'ai biyu, ta bar 9mm ta koma 10mm, daga nan .40. Bayan kusan shekara 30 ta dawo kan 9mm, don ƙirar dalma ta inganta kuma jami'anta sun fi samun saiti da ita. Shi kuma harsashin 9mm Georg Luger ne ya fito da shi tun farkon shekarun 1900.

Layi biyun ma yana da nasa haraji, mariƙi ya yi kauri, mai ƙaramin hannu yatsansa ba ya kai wa kunama daidai. Shi ya sa yanzu ake yin bayan mariƙi mai cirewa, ƙarami da matsakaici da babba. Walther P99 ta yi fice da shi a ƙarshen shekarun 1990, Glock ta bi sahu a 2010.

Likita: Sannunku da ƙoƙari. Na karanta daga sama har ƙasa, kuma akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba, wanda mu shi ne yake kawo mana mutane. Ba faɗuwar bindiga ba ne, ba kuma riga ba. Harsashin nan ne guda ɗaya da ke zaune a ɗaki bayan an cire magazin. Mutum ya zare magazin, ya ajiye a tebur, a ransa bindiga ta zama fanko. Ya ja kunama da wasa, ko zai goge ta, ko yaro ya ɗauka. Maganar da muke ji a bakin 'yan uwa kusan iri ɗaya ce kullum: wallahi an cire harsashin. Libarba kana buɗe ta ka ga gidajenta duka. Wannan kuwa tana ɓoye ɗaya. Injiniya, masu ƙira ba su yi wani abu a kai ba?

Injiniya: Sun yi, Likita, amma kowace dabara da masu ƙinta. Akwai ƙirar da in an cire magazin kunama ta mutu gaba ɗaya. Hi-Power ta Baba tana da wannan tun asali. Masu ƙi suna cewa tana ɓata laushin kunama, kuma jami'in da magazin ɗinsa ya faɗi cikin kokawa ya rasa harbin da ke ɗaki. Masu so kuma suna cewa daidai wannan ne amfaninta in ana ƙoƙarin ƙwace masa bindiga. Akwai kuma alamar da ke nuna akwai harsashi a ɗaki: a wasu ɗan rami ne a saman bututu da za ka hango ƙyallin kwanso, a wasu ƙugiyar fitar da kwanso ce ke ɗan bultsowa, ana jin ta da yatsa ko a duhu. Sai dai alama sai wanda ya duba.

Kuma in za a faɗi gaskiya, nan Glock tana da abin zargi. Kafin a kwance ta don gogewa dole sai an ja kunama. Wanda ya manta da na ɗaki, a nan zai tuna. Ƙirar da ke tilasta wa mutum jan kunama a cikin ɗakinsa, ni ban ga kyanta ba, ko da kuwa littafin ya ce a duba sau biyu.

Tsohon Soja: Alhamdu lillahi, yau Injiniya ya zo layina. Mu yadda aka koya mana, magazin ake fara cirewa, sannan a ja silaid baya, a leƙa ɗaki da ido, a sa yatsa a taɓa. In ka juya tsarin, ka fara jan silaid kafin cire magazin, ka fitar da ɗaya ka ɗura wani. Kuma ko ka duba, bakinta ba ya kallon mutum, yatsa ba ya shiga zobe sai za a yi harbi. Wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya tattara irin waɗannan a ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa ko'ina, ta farkonsu ita ce kowace bindiga a ɗure take.

Sarkin Musu: To Baba, in yatsa ba ya shiga zobe, me za ka yi da makulli? Ka rushe hujjarka da bakinka.

Tsohon Soja: Ban rushe ba. Ƙa'ida ta mutumin da hankalinsa ke jikinsa ce. Makulli na ranar da gajiya ta yi yawa ne, ko tsoro, ko sanyi ya kashe yatsu.

Malamar Tarihi: Su kuma ɗaya ɓangaren da wannan ranar suke kafa hujja, Baba. Suna cewa ranar da tsoro ya kama mutum ita ce ranar da zai manta bai sauke makulli ba, ya yi ta matsa kunama ba ta tashi. Kowa ranar tashin hankali yake hange, amma abin da kowa ke tsoro daban.

Sai dai akwai labarin da zai yi maka daɗi. A Janairun 2017 sojan ƙasa na Amurka suka zaɓi SIG P320 ta maye gurbin Beretta, suka sa mata suna M17, ƙaramar kuma M18. Mai allura ce marar guduma, gangar jikin roba, irin zamani sak. Amma tasu da makullin babban yatsa ta zo. Kuma ana kwance ta ba tare da an ja kunama ba.

Tsohon Soja: Ka ji ko! Masu ɗaukar dubban yara sababbi suna ba su bindiga sun san abin da na sani.

Injiniya: Sun sani Baba, amma P320 ɗin ma ta nuna ɗaya gefen. A shekarar 2017 aka gano samfurin kasuwa na iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, bayanta ya daki ƙasa. Nauyin kunamar da kanta ne ke sa ta ja baya da ƙarfin faɗuwar. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, ya sa kunama marar nauyi da wasu canje-canje a ciki. Ka ga ɗan harshen nan na tsakiyar kunamar Glock da mutane ke rainawa, babban aikinsa ke nan, hana kunama tafiya da kanta. P320 ta kasuwa ba ta zo da shi ba, kuma allurarta kusan a cikakkiyar ɗanawa take zama. Har yanzu akwai ƙararraki a kotunan Amurka na masu cewa tasu ta tashi ba a taɓa ta ba, kamfanin kuma yana musantawa. Abin da nake so Ɗan Makaranta ya ɗauka shi ne, bindigogi biyu za su yi kama a waje, duka ba makulli, amma cikinsu ba ɗaya ba.

Wani abin da P320 ta yi fice da shi: kayan kunama duka suna cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ake zarewa, shi ke ɗauke da lambar bindigar. Robar waje sutura ce kawai, a sauya babba ko ƙarama.

Ɗan Makaranta: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura ɗaya. A hotunan sababbin ina ganin wani ɗan gilashi a saman silaid, da kuma wasu tsage-tsage a ƙarƙashin bututu. Su kuma fa?

Injiniya: Tsagen ƙasa wurin maƙala tocila ne. Gilashin kuwa saiti ne mai jan ɗigo. A tsohon saiti abu uku ido ke haɗawa, tsagar baya, ɗan tsinin gaba, da abin da ake nufi, kuma ido ba ya iya ganin ukun tar a lokaci ɗaya, sai ya zaɓi tsinin gaba sauran su yi dishi-dishi. Da gilashin, abin da kake nufi kake kallo, ɗigon yana shawagi a kansa. Shi ya sa yanzu yawancin silaid ke fitowa daga masana'anta da gurbin da aka riga aka fafe masa.

Tsohon Soja: Wannan kam an ba ni na leƙa, kuma ba zan ɓoye ba, idon tsoho ya ji daɗinsa. Tsinin gaba ya daɗe da fara yi mini hazo. Amma abin batir ne. In ya mutu fa? In ruwa ko laka ta rufe gilashin fa?

Injiniya: Batirin masu kyau yana shekara ko fiye a kunne, ana canza shi kafin ya mutu. Sannan ana barin saitin ƙarfe a wurinsa, a ɗan ƙara masa tsawo yadda za a hango shi ta cikin gilashin in ɗigon ya ɗauke. Laka kuwa matsala ce ta gaske ga masu buɗaɗɗen baya, don in ta toshe inda hasken ke fitowa ɗigon ya tafi. Saboda haka aka fito da rufaffu, kamar ɗan akwati mai gilashi gaba da baya.

Bakanike: Ni abin da ke ba ni tsoro kusoshin ne. Abu yana kan silaid, silaid na dukan gaba da baya kowane harbi. A inji duk kusar da ke shan irin wannan girgiza sai ta kwance.

Injiniya: Tana kwancewa kuwa, Maigida, kusa na cikin abubuwan da suka fi ba masu gilashin nan ciwon kai. Ana ɗaure ta da ma'aunin ƙarfi, a sa mata gam ɗin kusa, wasu har su ja layin fenti a kanta don in ta juya su gani. Ƙirar da ta fi inganci tana da 'yan ƙusoshin tsaye a cikin gurbin da ke shiga ƙasan gilashin, su ke shan dukan, kusar aikinta kawai ta danne shi ƙasa.

Sarkin Musu: M1911 dai ba ta da kusar da za ta kwance.

Injiniya: Tana da huɗu a mariƙi, biyu kowane gefe.